Ƙarar ɓata suna a kan ɗan jarida: yadda za ki rubuta labarin ba tare da kin zama lauyan kowa ba

Wata matashiyar 'yar jarida a nan Sakkwato ce ta aiko da tambaya. Wani ɗan kwangila ya kai abokin aikinta ƙara saboda rahoton da ya buga cewa an biya kuɗin gyaran wani asibitin ƙauye amma ba a yi aikin ba. Editanta ya ba ta labarin shari'ar. Ta san ɗan jaridar, tare suke zama a sakatariyar NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, kuma a ranta tana ganin gaskiya ya faɗa. Edita yana ta dawo mata da rubutun yana cewa akwai son rai a ciki, ita kuwa ta duba ba ta ga ƙarya ko ɗaya ba. Tana so ta san inda son ran yake ɓuya.

Ƙanwata, yana yiwuwa ke da editan duk kuna da gaskiya. Labari yakan fito babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, amma duk wanda ya karanta ya san wanda marubuciyar take so ya ci shari'ar. Son rai a irin wannan aiki yana zama ne a cikin kalmomin da kika ɗora wa kowane ɓangare, da wanda kika fara ba baki, da wanda kika bar wa maganar ƙarshe, da abin da kika ɗauka kamar an riga an tabbatar alhali shi ne ake jayayya a kai. Maganinsa abu ɗaya ne mai wuyar aikatawa: kowace jimla a labarinki ta kasance tana da mai ita, kuma ta tsaya daidai inda shari'ar ta tsaya a ranar da kike rubutu, kada ta wuce gaba.

Kafin ki taɓa alƙalami, ki san wace irin ƙara ce, domin a nan mafi yawan labaran da nake gani suke fara karkacewa. Ɓata suna a Najeriya yana bin hanya fiye da ɗaya. Mutum yana iya zuwa Babbar Kotun Jiha ta hannun lauyansa ya nemi diyya, da a janye rubutun, da a ba shi haƙuri a jarida. Wannan rigima ce tsakanin mutum da mutum, babu ɗauri a ƙarshenta. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara, shi ke nan. Yana kuma iya kai koke ga 'yan sanda, su rubuta takardar FIR, wato rahoton farko na tuhuma, su kai kotun majistare, ko shi da kansa ya shigar da koke kai tsaye gaban alƙali. Nan an shiga shari'ar laifi, domin kundin Penal Code da Arewa ta gada ya fayyace ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Jihohi sun yi ta sabunta nasu kundin, saboda haka lambar da ke jikin takardar tuhumar za ki kwafa. In kuma rubutun a intanet ya fita, sau da yawa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ake jawowa, shi kuwa a Babbar Kotun Tarayya ake jin sa. Wannan sashen ne kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi.

Amfanin wannan bambanci gare ki shi ne: "an gurfanar", "ana tuhuma", "ya musanta aikata laifin", "beli", "tara", duk kayan shari'ar laifi ne. In ƙarar neman diyya ce kika rubuta "an gurfanar da ɗan jarida", kin sa masa ankwa da bakinki, ko da tausayinsa kike so a ji. Haka kuma "ƙazafi". A bakin mutane yana nufin duk wani sharri, amma a jihar da ke da kotunan shari'ar Musulunci tun 2000, ƙazafi laifi ne mai haddi, jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, hukuncinsa bulala 80. Rahoto a kan kuɗin kwangila bai shiga nan ba, kada ki kai shi.

Sai ki fahimci tambayar da ke gaban alƙali, wadda ba ita ce tambayar da ke ranki ba. Ke kina tambaya: an gyara asibitin ko ba a gyara ba? Alƙali kuwa zai fara da: an wallafa waɗannan kalmomi ga wani mutum na uku? Da mai ƙara suke? Suna zubar da ƙimarsa a idon mutanen kirki? In mai ƙara ya nuna waɗannan, doka tana ɗaukar maganar a matsayin ƙarya har sai wanda ya buga ta ya tabbatar da gaskiyarta. Nauyin yana kan ɗan jaridar. Yana iya kare kansa da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, ko sharhi ne na adalci kan abin da ya shafi jama'a wanda ya ginu a kan hujjoji na gaskiya, ko kuwa yana da kariyar da doka ta ba wasu irin rahotanni. Masu kallon labaran Amurka sukan rikice a nan, domin can tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati ne ke da nauyin nuna cewa an san ƙarya ce aka buga, ko an yi ko-oho da gaskiyarta. Mu tsarin Ingila muka gada. Don haka jimla irin "har yanzu ɗan kwangilar bai kawo hujjar cewa ya yi aikin ba" tana iya zama gaskiya, amma ta ɗora masa nauyin da doka ba ta ɗora masa ba, mai karatu kuma zai ɗauka ya kusa faɗuwa.

Yanzu mu zo ga kalmomin aiki, inda nake zaton editanki ya yi ta jan layi. Dubi wannan:

"Ɗan kwangilar ya maka jajirtaccen ɗan jaridar a kotu bayan da ya bankaɗo badaƙalar asibitin. Ya yi iƙirarin cewa an ɓata masa suna, amma ɗan jaridar ya bayyana cewa yana da takardu."

Wanda ya "bankaɗo" abu, abin yana nan ke nan. "Badaƙala" kuwa hukunci ce, kin yanke shi tun alƙali bai zauna ba. "Maka" tana da ƙarar duka a cikinta, tana nuna mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi. "Jajirtacce" yabo ne. Amma mafi ɓuya su ne biyun ƙarshe: ɗaya "ya yi iƙirari", ɗaya "ya bayyana". Mai iƙirari ana shakkar maganarsa, mai bayyanawa kuwa yana buɗe abin da ke akwai ne. Ga yadda zan so in gan ta:

"Ɗan kwangilar ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha kan rahoton da ɗan jaridar ya wallafa, wanda ya ce an biya kuɗin gyaran asibitin ba a yi aikin ba. A takardar ƙararsa, ɗan kwangilar ya ce rahoton ƙarya ne kuma ya ɓata masa suna. Ɗan jaridar, a takardar kariyarsa, ya ce rahoton gaskiya ne kuma yana da takardun da zai gabatar."

Kin ga "ya ce" ta maimaitu. Bar ta ta maimaitu. Malaman makaranta sun koya mana gudun maimaici, amma a labarin kotu "ya ce" ita ce kalmar da ba ta jin kunyar kowa. Duk wata 'yar uwarta tana ɗauke da kaya: "ya amsa cewa" tana nuna an kama shi, "ya dage cewa" tana nuna taurin kai, "ya tabbatar da cewa" tana nuna an gama magana, "ya koka" tana roƙon tausayi. Ita ma "amma" ki kula da ita, domin abin da ya biyo bayanta shi ke rinjaye. Gwaji mai sauƙi: ki musanya sunayen mutanen biyu a rubutunki ki sake karantawa. In kika ji wata kalma ta yi wa abokin aikinki nauyi, to ta yi wa ɗan kwangilar ma nauyi tun farko.

Haka batun laƙabi. In ɗaya "Alhaji wane" ne a sakin layi na farko, ɗayan kada ya zama "wani matashi mai rubuce-rubuce a Facebook". In kuma ɗaya "fitaccen ɗan jarida" ne, ɗayan kada ya zama "wani ɗan kwangila da ake alaƙantawa da manya". Ki faɗi aikin kowa da sunansa, ki tsaya. Hoto ma magana ne: wannan yana murmushi da alƙalami a hannu, wancan an kama shi yana hamma a wajen biki, kin gama sharhi ba ki rubuta komai ba.

Akwai wani abu da matasa da yawa suka ɗauka garkuwa ne, alhali ba ya tare komai: "wai", "an ce", "ana zargin". A dokar ɓata suna, wanda ya maimaita magana kamar shi ya ƙirƙire ta ne. In kika kwafo rahoton da ake shari'a a kansa ɗungurungum kika manna a labarinki, kika sa "ana zargin" a sama, kin sake wallafa shi, lauyan mai ƙara kuma yana iya ƙara sunanki da na gidan jaridarku a jerin waɗanda ake ƙara. Abin da ke kare ki shi ne kariyar da doka ta ba rahoton zaman kotu, har Penal Code ɗin ma ya ware rahoton gaskiya na abin da ya gudana a kotu daga cikin laifin. Sai dai kariyar tana da sharaɗi: rahoton ya zama daidai, ya zama na adalci, kuma na abin da aka faɗa a zaman kotu ne a bainar jama'a. Maganar da lauya ya yi muku a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi ba zaman kotu ba ce. Takardar da wani ya turo miki ta WhatsApp ya ce ita aka shigar, ki je wurin rajistara ki nemi kwafin da kotu ta buga wa hatimi. Ki faɗi abin da rahoton asali ya ƙunsa a jimla ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda mai karatu zai gane abin da ake rigima a kai, ki bar sauran.

Sharaɗin adalcin nan yana da wata fuska da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta lokaci. Shari'a ba a yini ɗaya take ƙarewa ba. Yau shaidun mai ƙara ne, a ɗage zuwa wata biyu, lauyan kariya ya yi musu tambayoyi, a sake ɗagewa. In kin je ranar da shaida ya yi wa ɗan kwangilar kaca-kaca kika buga da manyan baƙaƙe, ranar da aka warware shaidar tasa kuma kina wajen taron manema labarai a gidan gwamnati, to kowane labari naki daidai ne amma jimillarsu zalunci ce. In kin san ba za ki iya bin shari'ar har ƙarshe ba, ki gaya wa edita tun yanzu. Kuma a kowane labari ki sa layi ɗaya da ke cewa ga matakin da ake, ga wanda bai yi magana ba tukuna, ga ranar da za a koma.

Kuɗin da ake nema shi ne abin da kanun labari suka fi so. A ce mai ƙara ya rubuta naira miliyan 500. Wannan adadi lauyansa ne ya zaɓa, babu wanda ya auna shi, kuma kotuna sukan bayar da abin da bai kai kusa da shi ba in ma an ci. Kanawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, a nan dai sun yi gaskiya. Ki rubuta "yana neman", kada ki rubuta "zai biya".

Tun da na ambaci Kano, akwai misalin da duk ɗan jaridar Arewa ya sani. A Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta wallafa faya-fayan bidiyo da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Kano yana neman diyyar naira biliyan 3. A Yulin 2021 ya janye ƙarar, kotu ta umarce shi ya biya naira 800,000 kuɗin ɗawainiyar da waɗanda ya kai ƙara suka yi. Ki tuna yadda aka yaɗa labarin a lokacin. Masoyan ɗan jaridar suka ce kotu ta ci tarar gwamna, gaskiya ta yi halinta. Masoyan gwamnan suka ce dabara ce ta lauyoyi, ga shi ma an sake shigar da wata ƙarar a Abuja. Abin da ya faru a zauren kotun Kano kuwa bai kai ko ɗaya daga cikin biyun ba: an janye ƙara, an ba da kuɗin ɗawainiya, alƙali bai yanke hukunci kan sahihancin bidiyon ba, ko ta nan ko ta can. Marubucin da ya tsaya a nan bai gamsar da kowane ɓangare ba, amma shi kaɗai ne labarinsa bai buƙaci gyara daga baya ba.

Irin wannan taka-tsantsan za ki yi ranar da taku shari'ar ta zo ƙarshe. Akwai ƙarar da ake cirewa daga jerin shari'u saboda mai ƙara bai zo ba, ko an shigar da ita a kotun da ba ta da hurumi. Wannan ana iya dawo da ita gobe. Akwai kuma wadda aka saurara aka kore ta bisa hujja. A Hausa duka biyun mukan ce "kotu ta yi watsi da ƙarar", don haka sai kin ƙara jimlar da ke faɗin dalili. A shari'ar laifi ma, sallamar mutum daban, wanke shi daban. Bayan hukuncin Babbar Kotu kuma akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, reshenta yana nan cikin Sakkwato, saboda haka ki tambayi lauyan da ya faɗi ko za su ɗaukaka. Kada ki manta da hanyar da rigingimunmu da yawa suke ƙarewa: manya su shiga tsakani, a zauna a zauren wani basarake ko malami, a yi sulhu. In haka ta faru, ki nemi abin da aka rubuta aka kai wa kotu. Ba da haƙuri, janye labari, da ƙarin bayani abubuwa uku ne daban, kowane ɓangare kuma zai fito ya gaya miki wanda ya fi yi masa daɗi.

Na san abin da ke cin ranki, kuma ba zan ce ki danne shi ba. Gaskiya ne masu kuɗi da masu mulki suna amfani da ƙara don su gajiyar da ɗan jarida, ko da sun san ba za su ci ba. Kuɗin lauya, zirga-zirga, kwana a hannun 'yan sanda kafin beli, su ne hukuncin. Tsofaffin wannan sana'a ba su manta da Doka ta 4 ta 1984 ba, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashinta. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida aikin sa ido kan gwamnati, sashe na 39 ya ba kowa 'yancin magana. To amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta kare haƙƙin wasu, mutuncin mutum kuwa haƙƙi ne. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikinmu akwai masu rubuta labari su kira mutum su ce ya "gani" kafin ya fita. Ɗan kwangilar nan yana da 'ya'ya a makaranta, yana da surukai, yana da sahun da yake tsayawa a masallaci. Ba ki san ko mai kuɗin da ke son gajiyar da ɗan jarida ne ko kuwa mutumin da aka ɓata wa suna ke gabanki ba sai an baje hujja.

Rashin ɗaukar ɓangare bai hana ki faɗin abin da ya faru ba, ko da ya yi wa wani ɗaci. In an tsare ɗan jaridar kwana 5 kafin a kai shi kotu, ki rubuta kwana 5, ki kuma rubuta abin da sashe na 35 ya ce game da kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. In an bar kotunan Sakkwato an kai ƙarar wata jiha mai nisa, ki faɗi nisan. In NUJ ta fitar da sanarwa tana cewa wannan yunƙurin rufe baki ne, ki kawo ta da sunan ƙungiyar, ki kira lauyan mai ƙara ya amsa. Abin da ba naki ba shi ne ki ce da bakinki "wannan yunƙurin rufe baki ne". In kuma abin ya cika miki ciki, akwai shafin ra'ayi, ki rubuta da sunanki a can. Sai dai ki sani muddin shari'a tana gaban alƙali, sharhin da ke gaya masa yadda zai yanke, ko yake matsa wa shaidu, yana iya zama raina kotu. Kuma wadda ta rubuta ra'ayi yau ba ita ya kamata ta ɗauko rahoton zaman gobe ba.

Saura batun sanayya. Sakkwato ba ta da girman da ɗan jarida zai ce bai san ɗan jarida ba, daga Rima Radio zuwa gidajen FM zuwa wakilan jaridun ƙasa duk fuska ɗaya ce a kowane taro. Sanin juna kawai ba ya hana ki aikin. Amma in kin taimaka masa wajen binciken asali, ko kin sa hannu a karo-karon kuɗin lauyansa, ko kin riga kin rubuta a shafinki cewa kuna tare da shi, ki gaya wa edita ya ba wani. Lauyan mai ƙara yana da waya shi ma, ya iya ɗaukar hoton abin da kika wallafa. In kuma ke ɗin za ki ci gaba, ki kira lauyoyin biyu, ki ba su lokaci iri ɗaya, ki rubuta a littafinki ƙarfe nawa kika kira. "Bai ɗaga waya ba har lokacin haɗa wannan rahoto" bayani ne. "Ya ƙi cewa uffan" kuwa sai in kin same shi ya ƙi ɗin.

In labarin zai fita a rediyo, murya ma tana ɗaukar ɓangare, 'yar dariyar nan da mai gabatarwa ke yi bayan ya karanta maganar wani ta isa. Shirin kiran waya ya fi haɗari, domin abin da mai kira ya faɗa a iska gidan ne ya watsa shi. Haka sharhin da mutane ke zubawa a ƙarƙashin labarinku a Facebook, a sa wani ya riƙa dubawa yana cire zagi da sababbin zarge-zarge. Ranar da aka yanke hukunci kuma, ki koma kan tsofaffin labaran da ke shafinku ki ƙara musu layi a sama mai faɗin yadda aka ƙare da ranar da aka ƙare, domin mai neman sunan ɗayansu a Google bayan shekara uku labarin farko zai fara cin karo da shi.